Katalis ɗin motar kayana ya lalace: in canza da hannuna ko in biya bakanike?

Baban Walida:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Ina da bas ta ɗaukar kaya mai shan fetur, da ita nake rufa wa kaina asiri. Kwanakin nan fitilar cek injin ta kama ta ƙi mutuwa. In na ɗora kaya na nufi hawa sai ta riƙa nishi, ina taka totur amma ba ta amsawa. Wani lokaci in na tsaya sai in ji warin ruɓaɓɓen ƙwai yana tasowa daga salansa. An jona mata na'ura, ta fitar da lamba P0420, mai na'urar ya ce katalis ne, wato gwangwanin nan da ke tace hayaƙi a jikin salansa. Ina da 'yan kayan aiki a gida, ni nake yi mata juyen mai, birki da fulogi ma da kaina nake canzawa. Kuɗin kayan kaɗai ya ishe ni, ga kuma na aiki a kai. Shin wannan aikin na shiga ƙarƙashi ne in yi abina, ko in haƙura in biya?

Mai Sifana:
Wa alaikumus salam. Malam, wanda ya iya canza birki ba abin da zai gagare shi a nan. In naka mai ɗauri da noti ne, aikin kwancewa ne da mayarwa kawai. Ka zare wayar sensa mai auna oksijin ɗin hayaƙi, ka kwance notinan gaba da na baya, ka sauke tsohon, ka sa sabon gasket, ka ɗaura sabo. Ni na yi wa tawa, har yau lafiya lau. Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne ka sayi wanda aka ƙera wa samfurin motarka takamaimai, ka guji na gama-gari. Kuɗin aikin nan bar shi a aljihunka.

Tsohon Bakanike:
Baban Walida, kafin a zo ga wa zai kwance, akwai tambayar da ba a yi maka ba tukuna: me ya kashe shi? Katalis ba shi da abin da ke juyawa a ciki, ba ya cinyewa kamar birki. In injin na da lafiya yakan yi shekara goma ko fiye yana aiki ba a taɓa shi ba. In ka ga ya mutu, a mafi yawan lokuta daga cikin injin aka aiko masa da ajalinsa. Ka ɗaura sabo ba ka gyara can ba, sabon ma zai bi sahun tsohon, kuma ko kai ka ɗaura ko ni na ɗaura duk ɗaya ne.

Sannan lambar nan P0420 ba ta ce “canza katalis” ba. Abin da take faɗa shi ne ƙwaƙwalwar mota ta kwatanta abin da sensar gaba ke gani da abin da ta baya ke gani, sai ta ga tacewar ta gaza ma'aunin da aka sa mata. Ɗan huji a bututun salansa kusa da sensa yana iya jawo wannan lamba. Sensar baya da ta tsufa ma tana iya jawo ta. Na sha ganin wanda ya sayi katalis mai tsada, fitila ta dawo bayan 'yan kwanaki, aka duba aka ga gasket ne ke yoyo.

Amsa mini waɗannan. Da safe in ka tayar da ita tana misin, wato wata silinda na ƙin kama wuta? Baƙin mai yana raguwa tsakanin juye da juye? Ruwan lagireto fa, kana yawan ƙarawa? Fitilar nan a tsaye take, ko ta taɓa yi maka ƙifta-ƙifta kana cikin tafiya?

Baban Walida:
Allah ya ƙara girma, Baba. Ruwa ba ya raguwa, baƙin mai ma dai-dai gwargwado. Amma da safe tana ɗan girgiza kafin ta yi zafi, kuma gaskiya ta taɓa yin ƙifta-ƙiftar nan a kan hawa da kaya, daga baya ta daina. Ban ɗauke shi wani abu ba tunda ta ci gaba da tafiya.

Injiniya Abu Hanif:
To nan maganar take. Ƙiftawar fitilar cek ba ɗaya take da kamawarta a tsaye ba. An tsara ta ne musamman don ta gaya wa direba cewa injin na misin ɗin da zai iya ƙona katalis a wannan lokacin.

Bari in ɗan buɗe cikin abin don a gane dalili. In ka yanka gwangwaninsa za ka tarar da wani dunƙulen tangaran mai ƙananan ƙofofi dubbai, kamar saƙar zuma. An shafe bangon ƙofofin da ƙarafa masu daraja guda uku: filatinam, faladiyam da rodiyam. Hayaƙi na ratsawa, waɗannan ƙarafa na sauya gurɓatattun abubuwa uku da ke cikinsa. Iskar kabon monoksaid mai kisa ta koma kabon dayoksaid, ragowar fetur da bai ƙone ba ya koma ruwa da kabon dayoksaid, sinadaran naitirojin oksaid su rabu su koma naitirojin da iskar oksijin. Ba ya fara aiki sosai sai ya yi zafi wajen digiri 250 zuwa 300 a ma'aunin Salshiyas, kuma a tafiya yakan zauna tsakanin 400 da 800.

Idan silinda ɗaya ta ƙi kamawa, ɗanyen fetur da iska suna wucewa kai tsaye su faɗa cikin wannan zafi, sai su ƙone a can. Zafin ya haura digiri 1,000 ya yi ta hawa, tangaran ɗin ya narke ya toshe ƙofofin. Hayaƙi ya rasa hanyar fita, injin ya kasa shaƙar sabuwar iska. Shi ya sa a fili kana jin ta da sauƙi-sauƙi, amma a hawa da kaya, inda ake buƙatar numfashi mai yawa, sai ta shaƙe. Warin ƙwan kuma sinadarin sulfa ne na cikin mai, yana fitowa a wannan kama idan fetur ya yi wa iska yawa ko katalis ya gaza.

Sauran masu kashe shi: baƙin mai da ke ƙonewa saboda ringi ya mutu, ruwan lagireto da ke shiga silinda ta gasket ɗin tof, nozul mai zuba, da bugun dutse ko tudu daga ƙasa. Shiga ruwa mai zurfi yana tsananin zafi ma yana tsaga shi. A da fetur mai dalma shi ne babban abokin gābarsa, shi ya sa da Amurka ta fara sa shi a motoci a 1975 dole aka haɗa da fetur marar dalma. Yanzu wannan ya kau, Aljeriya ce ƙasa ta ƙarshe da ta daina sayar da shi ga motoci a 2021.

Ka ce wa mai na'urar ya sake dubawa, har da lambobin da ke jiran tabbaci. Ina sa ran za a ga wata lambar misin, daga P0300 zuwa sama.

Auta:
Ni fa ban ga abin wahala ba. A kwance shi, a sa rodi a farfasa abin cikin a zubar, a mayar da gwangwanin. Mota ta buɗe, ba ka sayi komai ba. Mutane da yawa haka suke yi kuma motocinsu na tafiya.

Injiniya Abu Hanif:
Auta, za ta tafi, ba na musun wannan. Amma duba abin da ya biyo baya. Na farko, fitilar cek za ta zauna a kunne har abada, domin sensar baya za ta ga babu tacewa. Ranar da wata matsala ta gaske ta taso, misali misin ɗin nan ya ƙaru, ba abin da zai sanar da shi, fitila dama a kunne take. Na biyu, abin da ya kashe katalis ɗin yana nan bai je ko'ina ba, an dai kawar da wanda ke nuna alamar. Na uku, doka. A ƙasashe da dama cire shi laifi ne, kuma mota ba za ta tsallake gwajin hayaƙi ba. A Amurka dokar tsabtar iska ta tarayya ta hana, a Turai kuwa tun matakin Euro 1 na 1992 ya zama dole ga sababbin motocin fetur. Kowa ya binciki abin da dokar inda yake ta ce.

Wanda ya fi damuna shi ne na huɗu. Bas ba kamar ƙaramar mota ba ce, sau da yawa direba da kaya a ɗaki guda suke. Bayanta a miƙe yake, in tana gudu iska na murɗawa a can ta jawo hayaƙi zuwa ƙofar baya, in robar ƙofar ta saki sai ya shigo. Kabon monoksaid ba shi da wari ba shi da launi. Mutumin da ke wuni a cikin motar nan shi zai fara shaƙa, sannan waɗanda ke bayansa a cunkoso.

Auta:
Na ji, Injiniya. To maganin nan na kwalba da ake zubawa a tanki fa, wai yana wanke shi?

Tsohon Bakanike:
In datti ne kaɗan ya rufe shi, wataƙila ya ɗan taimaka. Abin da ya narke kuwa ba ruwan kwalbar da zai mayar da shi.

Ɗan Walda:
Ku bari in sa baki ta ɓangarena, don ni ake kawo wa aikin bayan ya lalace a gida. Katalis iri uku nake gani a bas. Akwai wanda ke da faranti gaba da baya, noti ne ke riƙe da shi. Wannan shi Mai Sifana ke magana a kai, kuma gaskiyarsa, mai haƙuri zai iya. Akwai wanda aka haɗe shi da bututun da walda tun daga kamfani, sai dai a canza bututun gaba ɗaya ko a yanka a jona. Sai na uku, wanda aka ƙera shi jiki ɗaya da manifol, wato bututun da ke tattara hayaƙin silindodi, manne da injin. Wannan na ukun ban ba wanda bai saba ba shawarar ya taɓa shi. A bas injin a cushe yake, wata a ƙarƙashin kujera, wata a ɗan guntun hanci, hannu da kyar yake shiga. Wata sai an cire abubuwa da dama kafin a ga notin ma. In kuma injin mai layi biyu ne, to katalis biyu ne ko fiye, kuma na bayan ya fi wuyar kaiwa.

Na gama-garin nan da ake yanka a jona yana da araha, amma arahar tana da dalili. Ƙarafan cikinsa sau da yawa ba su kai na asali yawa ba, ga shi wani ƙarami ne ga injin da ke jan kaya. Za ka ga fitila ta mutu na ɗan lokaci sannan ta dawo. In dole shi za a sa, a duba kibiyar da ke jikinsa, tana nuna inda hayaƙi zai bi. A ajiye shi daidai inda na asali yake, don in ya yi nisa da injin ba zai yi zafin da yake buƙata ba. Mazaunin sensa ma ya koma inda yake. Walda kuma ta zagaye ba huji ko na allura, domin huji kafin sensar baya yana jawo iska daga waje ya ruɗa lissafin. Kafin in kunna injin walda nakan cire kan batir, in duba inda bututun fetur da tanki suke. Wanda bai taɓa walda a kwance a ƙarƙashin mota ba, kada ya fara koyo a nan.

Mai Sifana:
Duk na yarda, amma kada a tsorata bawan Allah. In nasa irin na farko ne, kayan da yake buƙata ba su da yawa. Man kwance tsatsa, a fesa tun daren jiya a sake fesawa da safe. Soket mai kusurwa shida, kada a sa mai goma sha biyu don shi ke cinye kan noti. Doguwar sanda ta ƙarin ƙarfi. Soket na sensa mai tsaga a gefe inda waya ke bi, yawanci milimita 22 ne. Sabon gasket da sababbin notina, tsofaffin kada su koma. A cire fulogin wayar sensa kafin a juya ta, in ba haka ba wayar ta murɗe ta tsinke daga ciki. In za a mayar a shafa ɗan man hana kamewa a tiredinta kawai, kada ya taɓa kanta. A ɗaura komai sako-sako tukuna, a ga bututu ya zauna a robobin ratayarsa ba tare da an tilasta shi ba, sannan a ƙara ƙarfi daga gaba zuwa baya. Ina abin da ya gagari mutum a nan? Kuma wanda ya yi da hannunsa ya san abin da aka sa masa a mota.

Tsohon Bakanike:
Mai Sifana, yadda ka jero aikin daidai ne, ban cire ko ɗaya ba. Haka yake tafiya ranar da kowane noti ya amsa. Ni abin da ake biyana a kai shi ne ranar da ɗaya ya ƙi.

Notin salansa ya sha zafi ya sha sanyi shekara da shekaru, ya sha ruwa da laka. Wani za ka tarar kansa ya cinye ya zama kamar ƙwallo, soket ba shi da wurin kamawa. Wani kuma zai yi kamar ya fara juyawa, ashe kusar ce ke murɗewa, sai ka ji ƙas. In a faranti na baya ta karye, da sauƙi, a buge ta a zura wata. In a jikin manifol ta karye, sai an huda an ciro guntun an sake yanka tiredi, a wurin da ba ka ganin abin da kake yi sosai. In a jikin tof silinda ne, wanda galibi na alminiyam ne, kuskure kaɗan da abin huji ya isa ya mayar da ƙaramin aiki babba. A gareji muna gasa notin da wuta har ya yi ja kafin mu taɓa shi. A gida me za ka gasa da shi, kuma a kusa da bututun fetur? Sannan motar da aka kwance wa salansa rabi ba ta tuƙuwa zuwa wurin gyara, sai an jawo ta.

Ɗaya maganar kuma ta rai ce, ita ba na sassautawa a kanta. Bas tana da nauyi. Jak na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba. Duk wanda zai shiga ƙarƙashi ya sauke kayan da ke ciki, ya ajiye ta a daɓe mai ƙarfi da ya miƙe, ya ja birkin hannu, ya tokare tayoyin da ke ƙasa, ya ɗora ta a kan matokaran ƙarfe da aka rubuta nauyin da suke ɗauka. Bulo ba matokari ba ne, yana fashewa ba gargaɗi. Ka tuna kana kwance kana fizgar doguwar sanda da dukkan ƙarfinka, motar tana motsi a samanka. Kuma a bar salansa ya huce sarai, katalis yana riƙe zafi bayan an kashe injin fiye da yadda ake zato.

Hajiya Mai Motoci:
Sannunku da ƙoƙari. Ni ba na riƙe sifana, amma motocin kaya nake juyawa, don haka ta wajen lissafi zan yi magana. Baban Walida, ka ce da motar nan kake rufa wa kanka asiri. To kuɗin aikin da kake gudu ka ajiye shi gefe guda, ka ajiye abin da kake samu a wuni a ɗaya gefen. In aikin ya tafi daidai, ka ci riba. In kusa ta karye motar ta kwana biyu ko uku a kan ƙarfe, ga kuɗin jawowa, ga bakaniken da ka guda tun farko, ga masu kaya sun nemi wani.

Amma ba ina cewa a miƙa mukulli a juya baya ba ne. An taɓa canza wa wata motata katalis, da na tambayi tsohon aka ce an yar. Ba a yar da shi. Ƙarafan da Injiniya ya lissafa suna nan a ciki ko ya mutu, masu saye suna nema, shi ya sa ma ɓarayi ke shiga ƙarƙashin mota su yanke shi, kuma bas da ke da tsayi daga ƙasa ta fi sauƙin shiga. Tun daga lokacin, kafin a fara aiki nake cewa tsohon nawa ne, ko a ba ni ko a rage kuɗinsa a lissafi. Ina kuma neman a nuna mini sabon a kwalinsa da lambarsa kafin a ɗaura.

Sai maganar garanti. In kai ka sayo kayan ka kai, yawancin masu gyara aikin hannunsu kawai za su tsaya a kai. Fitila ta dawo, mai kaya ya ce ɗaurin ne, mai ɗauri ya ce kayan ne, kai kana tsakiya. In su suka kawo suka ɗaura, wuyan mutum ɗaya za ka riƙe. A rubuta a takarda. Wanda motarsa ba ta tsufa ba kuma ya fara duba garantin kamfani, don na katalis yakan fi na sauran sassa tsawo. A Amurka, alal misali, doka ta sa shekara 8 ko mil 80,000.

Mai Sifana:
Hajiya, ranki ya daɗe, ai abin da kika faɗa na tsohon da aka ce an yar shi ne hujjata. Wanda ya yi da kansa ba mai yi masa wannan.

Hajiya Mai Motoci:
Haka ne ɗana, amma maganin wannan tsayawa a kan aikin ne da tambaya. Ba sai na shiga ƙarƙashin mota ba kafin in hana a cuce ni.

Direban Dare:
Don Allah a taimaka mini ni ma. Tawa dizal ce, ita ma ta rage ƙarfi kuma wata fitila ta kama. Duk wannan bayanin ya shafe ni?

Injiniya Abu Hanif:
Wani ya shafe ka, wani bai shafe ka ba. A dizal ta zamani abubuwa ne a jere. Akwai katalis na farko, sai matatar baƙin hayaƙi da ake kira DPF, wadda ta zama ruwan dare a motocin Turai tun matakin Euro 5 wajen 2009. A sababbi kuma akwai wani katalis ɗin da ake kira SCR, mai aiki da ruwan AdBlue. Abin da ya fi toshewa a cikinsu shi ne DPF, musamman ga motar da ke gajerun tafiye-tafiye tana tsayawa, domin ba ta samun zafin da za ta ƙone baƙin hayaƙin da ta tara. Sau da yawa ba canji take buƙata ba. Doguwar tafiya a buɗaɗɗen titi, ko a sa na'ura ta tilasta mata ƙonawa, ko a cire a wanke, yana iya isa. In ma an canza, a motoci da yawa sai an shaida wa ƙwaƙwalwar motar da na'ura cewa sabo aka sa. Don haka kai ka fi Baban Walida buƙatar mai na'ura. Ka buɗe naka zaren da lambar da ta fito, kada amsoshin su cakuɗe.

Baban Walida:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga abin da na samo. Na koma an sake jona na'ura, akwai P0303 a ajiye. Na cire fulogi na uku, baƙi ne kuma a jiƙe, sauran ukun kalarsu ɗaya. Na leƙa ƙasa da tocila ba tare da na ɗaga ta ba. Nawa mai faranti ne gaba da baya. Na baya noti biyu ne masu sifirin, da ganinsu za su kwance. Na gaba uku ne a jikin manifol, biyu da dama-dama, ɗaya kuwa tsatsa ta cinye shi sosai. Da ta huce na ɗan bubbuga gwangwanin da gudumar roba, na ji abu na karkaɗawa a ciki.

Tsohon Bakanike:
Madalla, yanzu muna magana a kan abin da aka gani. P0303 silinda ta uku ce ke misin. Wannan ɓangaren naka ne, kuma shi ne na farko. Sa sababbin fulogi. In kowace silinda da kwayil ɗinta, ɗauke na ukun ka musanya shi da na biyu, a goge lamba, ka ɗan yi tafiya. In lambar ta koma P0302, kwayil ne. In ta tsaya a ta uku, sai a duba nozul, a auna matsin silindar. Kada ka sayi katalis sai misin ɗin nan ya tafi gaba ɗaya.

Karkaɗawar da ka ji, in ba garkuwar zafi ce ta saki daga waje ba, to tangaran ɗin ya farfashe. Duk da haka ka biya a auna maka matsin hayaƙi kafin ka kashe babban kuɗi. Ana cire sensar gaba a ɗaura ma'auni a mazauninta. Abin da muka saba bi shi ne, in injin na juyi 2,500 a minti bai kamata ma'aunin ya wuce psi 3 ba. Aikin 'yan mintoci ne. A duba maka har tukunyar salansa ta baya, don gutsattsarin na tafiya su toshe ta, sai a sa sabon katalis mota ta ci gaba da nishi.

Game da ɗaurin, da a ce duka biyar ɗin lafiyayyu ne da na ce bismillah, yi abinka a kan matokarai masu kyau. Wannan guda ɗayan na jikin manifol shi ya sa nake cewa ka kai inda akwai rami da wuta. Kuma ko wa ya ɗaura, bayan an gama a tayar da ita a fili, ba a rufaffen wuri ba, a saurari yoyo a kowace mahaɗa tun tana sanyi. Kada ka ɗauka an gama don fitila ta mutu, goge ta aka yi. Sai ka yi 'yan kwanaki kana tafiya ta gari da ta babban titi, a sake jona na'ura a ga gwajin katalis ya kammala ba lamba.

Mai Sifana:
Baba, ni har yanzu ina ganin zai iya gwadawa. Ya yi ta fesa mai kwana biyu, ya fara da wannan mugun notin kafin ya taɓa sauran. In ya motsa, shi ke nan. In ya ƙi, bai kwance komai ba, sai ya tuƙa ta zuwa gareji da ƙafarta.

Ɗan Walda:
Dabarar farawa da mugun notin tana da kyau, in dai zai iya tsayar da hannunsa. Matsalar ita ce wanda bai saba ba ba ya bambance noti na juyawa da kusa na murɗewa, a hannu kusan ɗaya suke. Baban Walida, goge shi da burushin waya ka ɗauko hotonsa ta gefe da hasken tocila, ka turo nan. Ina so in ga ko kusurwoyinsa na nan, da kuma kaurin kusar da ta leƙo ta bayansa.